Gaisuwar Ƙarfe Takwas

Ranar Talata ce. Auta na zaune gaban keken ɗinkinta da allura a baki, tana kokawa da wandon wani mutum da ya rantse bai ƙara ƙiba ba, sai waya ta yi ƙara. Matar ɗan yayarta ce, wadda kowa ke ce wa Madam, har mijinta. Ba ta taɓa kiran Auta don kanta ba, shi ya sa tun kafin ta ɗauka Auta ta zare allurar daga baki.

Madam ta gaishe ta a gajarce, ta ja hanci sau biyu, ta ce Allah ya yi wa Mama, wato yayar Auta, rasuwa. Mai wanki ce ta same ta da hantsi, jiki har ya sandare. Likitan da aka kira ya ce tun kafin asuba rai ya yi halinsa.

Auta ta yi salati. Sannan ta ɗaga kai ta dubi agogon bango.

"Kafin asuba kika ce?"

"Haka likita ya ce, Inna."

"To ni da wa na gaisa ƙarfe takwas?"

Don kuwa ƙarfe takwas daidai, kamar kullum, saƙon murya ya shigo daga Yaya. Ta ce ta kwana lafiya, ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi irinsa ba, ta tambayi Auta ya gwiwarta. Auta har ta mayar da amsa, ta ba ta labarin mai wandon nan.

Madam ta ce ta dai taho, mijinta Injiniya zai yi mata bayani.

Wata takwas kafin wannan Talatar Yaya ta faɗi a bakin famfo, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Baki ya karkace, magana ta koma fita ɗaya-ɗaya kamar ana warware tsohon ɗinki. Amma kai garau yake. Da Auta ta sha tafiyar awa biyar a mota ta iso asibiti, ta tsaya kanta tana kuka, abin da Yaya ta fara haɗawa da karkataccen bakin nan shi ne, "Shashasha. Ɗankwalinki a karkace."

"Na ji, ba sai kin zage ni ba," in ji Auta. Ta gyara ɗauri, hankalinta ya kwanta.

Shekara sittin haka suke gaisawa. Ranar auren Auta shashasha ce. Ranar da mijinta ya rasu ma shashasha ce, sai dai ran nan Yaya a hankali ta faɗa, tana shafa mata baya.

Da za a sallame su, Auta ta ce a ba ta Yaya ta tafi da ita. Ɗakinta ɗaya ne a bayan shago, amma akwai taga, gadon kuma ya ishe su su biyu. Injiniya, ɗan Yaya tilo, ya yi dariya. Uwarsa a bayan shagon ɗinki, shi yana da gidan bene? Me mutane za su ce? Ban da haka ma, yana da abin da ya fi kowace mai jinya: ba ya barci, ba ya gajiya, ba ya ɗauke sabulun gida ya kai wa 'ya'yansa. Kamfanin da yake wa aiki ne ke ƙera shi, kuma Mama ce za ta fara morewa.

Su Injiniya a sama suke. Yaya aka ba ta ɗakin ƙasa na bayan kicin, inda a da ake jibge tsofaffin akwatuna. Tsakaninsu matattakala goma sha bakwai. Auta ta ƙirga su, don gwiwarta ta san kowace ɗaya.

Ran nan Injiniya ya tara su a ɗakin ya nuna musu kayan. Wani farin abu kamar kwalin sabulu a kan tebur. Wani ƙaramin ido baƙi a saman ƙofa. Sai akwatin magani mai murfi bakwai, wanda da an buɗe shi sai ya sanar da wayarsa. Ya ce ƙirƙirarriyar basira ce, koyo take kamar yaro, kullum ƙara sanin Mama take. Auta ta gwada faɗin sunan sau biyu harshenta ya harɗe, ta haƙura. Injiniya ya tafa hannu, sai kwalin ya yi magana, da muryarsa sak, har da ɗan tarin da yake yi kafin ya fara zance: "Mama, ina wuni? Ya ƙarfin jiki?"

Yaya ta kalli kwalin, ta kalli ɗanta, ta daɗe tana haɗa kalmomi. Sannan ta ce, "Munafukin nan... ya fi ka ladabi."

Aka yi dariya. Daga ranar sunan abin ya zama Munafuki.

Abu ɗaya Auta ta lura da shi kafin ta koma. Soket ɗaya ne a ɗakin, a bangon dama, don haka can aka kai tebur saboda Munafuki ya samu wuta. Kofin ruwa kuma kan tebur yake, ta ɓangaren hannun da ya mutu. Ta ɗauko wata kujera daga kicin ta ajiye ta hagu, ta ɗora kofin a kai, ta gaya wa Madam a riƙa barin ruwa da abinci a nan. Madam ta ce to, idonta na kan waya.

Mako biyu da komawar Auta gida, saƙon farko ya shigo. Ƙarfe takwas. Muryar Yaya ce ta da, tangaran, ba in'ina ba jan harshe. Auta ta kusa ɗinke yatsarta. Ta kira Injiniya, ko Yaya ta warke ne? Ya ce a'a, aikin na'ura ne. Ya tattara tsofaffin saƙonnin Mama na shekara shida ya ba ta ta saurara har ta koyi muryar. Yanzu in Mama ta yi magana, komai karkacewarta, sai na'urar ta miƙe ta ta aiko. Kamar guga ne, in ji shi, rigar ita ce dai, yamutsewar kawai ake cirewa. Auta ta gane guga, don haka ta yarda.

Sai dai rigar nan ta fito da wani sabon launi. Babu shashasha. "Ƙanwata," haka saƙon ke farawa, wani lokacin har da "abar ƙaunata." Mai gyaran gashi ta shagon gefe, wadda ta san Yaya tun lokacin da take zuwa hutu, ta saurara sau ɗaya ta ce ko dai jinin wata aka ƙara mata a asibiti. Auta ta ce ciwo ne, ciwo na tausasa mutum. Gaskiyar magana, daɗi ta ji. Shekara sittin tana jiran kalmar nan ba ta san tana jira ba. Ta riƙa kunna wa masu kawo ɗinki, har waɗanda ba su tambaya ba. Ta riƙa mayar da amsa doguwa, ta faɗi ciwon gwiwarta, ta faɗi wanda ya ɓata mata rai, washegari kuma Yaya ta tuna komai ta bi ta da shi ɗaya bayan ɗaya. Yayar da a da in kana ba ta labari sai ta katse ka ta ce ka gajarta, tana da aiki.

A wata na huɗu Auta ta sake zuwa, ba ta sanar ba. Tun daga ƙofar kicin wari ya tare ta. Yaya ta koma rabin yadda ta bar ta, leɓe a bushe har ya tsage, gashi ya dunƙule. Kujerar hagu babu ita. Kofi na kan tebur ta dama, cike, ƙura ta yi masa yana a sama. Munafuki na ta zuba da muryar Injiniya, yana ba ta labarin amfanin motsa jiki, ita kuma ta juya fuska bango.

Auta ta ɗaga ta za ta canja zanen gado, ta ga gyambo a ƙugu, faɗin tafin hannu.

Ta haura sama a fusace. Madam ta tare ta da fara'a da lemo mai sanyi. Kujerar? Baƙi aka yi aka ɗauka, an manta. Warin? Ai shi ne ke hana ta daɗewa a ɗakin, yana tayar mata da ciwon kai, ga bayanta da likita ya hana ta ɗaga abu mai nauyi. Amma kullum kafin ta fita aiki tana ajiye faranti, mai wanki kuma na zuwa Talata da Juma'a ta yi mata wanka. Sannan ta miƙo waya ta nuna mata wasu da'irori. Barci kore. Magani kore. Nishaɗi kore. Ta ce in da akwai matsala ja zai nuna.

"Gyambon ma ya fara kore," in ji Auta, "sai ki ƙara shi a ciki."

Injiniya bai dawo ba sai da yamma, da jakar tafiya, daga wani taro inda ya yi jawabi kan kula da tsofaffi. Ya nuna mata hoton: ga shi a tsaye da makirufo, ga fuskar Yaya a bayansa a wani ƙaton allo, an ɗauka ta gefen da bai karkace ba. Ya ce mutane har kuka suka yi. Da ta yi maganar gyambo ya ce zai sa a kawo man shafawa. Da ta tambaye shi ko yana zama da uwarsa, ya ce kullum suna hira, wani lokacin awa uku, yana da lissafin a waya. Bai ƙifta ido ba. Auta ta daɗe kafin ta gane hirar Munafuki yake nufi, kuma har ransa a tasa yake ƙirga ta.

Ta sake roƙo a ba ta Yaya. Ya ce ba yanzu ba, ana tsakiyar gwaji, in aka ɗauke ta duk bayanan wata huɗu sun tashi a banza, manyansa kuma sun sa ido. Ya ce ta yi haƙuri zuwa ƙarshen shekara.

Kwana uku ta yi. Ta wanke Yaya, ta tsefe mata kai, ta ba ta ruwa da cokali, ta dawo da kujerar hagu. Yaya ta zage ta a kan yadda take matse tsumma, ta zage ta a kan gishiri. Sau da yawa Auta ta buɗe baki za ta yi godiyar saƙonnin safe, sai kunya ta kama ta. Su biyun ba su taɓa yin irin wannan magana ido da ido ba. Ta ce a ranta wataƙila Yaya a waya kawai take iyawa, in an tona za ta ji nauyi ta daina. Gara a bar abin yadda yake.

Ranar tafiya Yaya ta kama gefen rigarta da hannun hagu ta ƙi saki. Mota kuma ƙarfe tara take tashi. Auta ta riƙa ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya tana lallashi.

"Haba Yaya, ba ga shi kullum da safe muna gaisawa ba?"

Yaya ta dube ta irin kallon da ake wa mahaukaci a kasuwa. Ta buɗe baki, maganar ta ƙi haɗuwa, Madam kuma na ƙofa tana kaɗa makullin mota. Auta ta fita.

Washegari ƙarfe takwas Yaya ta gode mata da ziyara, ta ce ta ji daɗi ƙwarai, Allah ya bar zumunci.

A wata na takwas, wata Juma'a da rana, saƙo ya shigo daga lambar da Auta ba ta sani ba. Daƙiƙa tara ne. Da farko numfashi, da ƙarar ruwa na zuba a bokiti. Sannan murya, a dishe, kowace kalma da ƙyar:

"Shashasha. Ki zo. Ki ɗauke ni."

Babu abin da Auta ba ta ji ba a ciki. Ta tashi tsaye, ta zauna, ta kira Injiniya. Ya ce wayar mai wanki ce, kuma zai ja mata kunne, tana shiga abin da ba a sa ta ba. Mama na ɗan samun ruɗewa in rana ta yi zafi, likitoci sun san da wannan. Ya karanto mata rahoton ranar: kore, kore, kore. Washegari ƙarfe takwas muryar nan mai daɗi ta ce, ƙanwata ki yi haƙuri da maganar jiya, ɗan zazzaɓi ne ya wuce, kada ki wahalar da gwiwarki a mota.

Murya biyu ke nan a waya ɗaya, ɗaya ta ce zo, ɗaya ta ce zauna. A kan teburin Auta kuma akwai kayan makaranta saiti arba'in da aka ba ta ɗinki, ana jira. Ta saurari ta farko sau ɗaya, ta saurari ta biyu sau uku. Ta ce a ranta ƙarshen wata za ta je, wannan karon ko Injiniya zai yi birgima a ƙasa sai ta taho da ita.

Saura kwana shida wata ya ƙare Madam ta kira.

Da Auta ta iso da la'asar an riga an kai Yaya. Falo cike da mata, Madam na tsakiya da tabarau baƙi tana karɓar gaisuwa. Injiniya na waje da abokan aikinsa. Bayanin da aka ce zai yi, ya ce sai an natsu.

Mai wanki ce ta ja Auta gefe. Dattijuwa ce mai faɗin kafaɗa, hannunta duk ya ci sabulu. Ta kai ta ɗakin bayan kicin, ta zaro wata kwalba daga bayan ƙofa. Cike take da ƙwayoyin magani, fari da ruwan hoda, har wuya. Ta ce daga ƙarƙashin gado take share su. Mama na iya miƙa hannun hagu ta ture murfin, amma kafin ƙwayar ta kai baki ta faɗi. Shi kuwa akwatin da an buɗe shi ya rubuta an sha. Ta nuna wa Madam sau biyu, Madam ta ce ita dai abin da waya ta nuna ta sani. Bayan saƙon Juma'ar nan kuma aka ce in ta ƙara shiga ɗakin da waya a bakin aikinta.

Kujerar hagu babu ita. An sake yin baƙi.

Auta ta zauna bakin gadon, ta kasa kuka. Munafuki ya yi ɗan tarinsa ya ce mata sannu da zuwa, Inna.

Washegari da safe mata suka sake cika falo, ana shan shayi ana yabon halin marigayiya, har da waɗanda ta zaga ranar bikinsu. Ƙarfe takwas na bugawa wayoyi huɗu suka yi ƙara tare: ta Auta, ta 'yan uwa biyu, da ta wata tsohuwar gwaggon Injiniya mai nauyin kunne, wadda ke ƙure ƙarar wayarta har ƙarshe. Gwaggo ta danna ba ta duba ba.

"Ina kwana, 'yar uwa," in ji Yaya, falo duk ya ɗauka. "Yau na samu sauƙi sosai. Tun jiya da hantsi na tashi, har yanzu ban koma gado ba."

Gwaggo ta yi jifa da wayar, ta faɗa cikin butar shayi. Wata ta yi ƙofa ba takalmi. Wata ta hau addu'a tana haɗa farkon wannan da ƙarshen waccan. Injiniya ya sauko a guje da rigar barci, Auta kuma ta lura matattakala goma sha bakwai ɗin nan ko minti ɗaya ba su ɗauke shi ba.

Ya ce kowa ya kwantar da hankali, ba fatalwa ba ce, mantawa ya yi bai kashe ba. Idon saman ƙofa ne ya ga gado babu kowa, na'ura ta ɗauka Mama ta miƙe. Tun da baki ya buɗe sai sauran ya biyo. Tun wata na biyu Mama ta daina yi wa na'urar magana, taurin kai irin nata. Shi kuma ya ga in saƙo ya tsaya dangi za su tayar da hankali, a yi ta kiransa yana wurin aiki. Sai ya sa na'urar ta riƙa haɗa gaisuwar da kanta daga rahoton kowace rana. Don su ya yi. Zagin kuwa tun farko ya sa aka tace shi, saboda manyansa na sauraron samfuri.

"Ka tace zagin," in ji Auta. "To me ya rage?"

Ba ta jira amsa ba. Ta miƙe ta nufi ɗakin bayan kicin, ta bar ƙofa a buɗe. Mata suka biyo ta suka cika kicin, na baya na ɗage. Ta tsaya gaban farin kwalin da hannu a ƙugu, yadda take tsayawa gaban mai kawo yadi in ya rage mata awo.

"Kai Munafuki. Yaushe rabon mai gidan nan da shigowa ɗakin nan?"

Kwalin ya yi tari, ya amsa da muryar Injiniya, cikin ladabi: kwana arba'in da uku ke nan, Inna. Ya yi minti huɗu, ya gyara zaman idon saman ƙofa.

Ta tambaye shi me Yaya ta ce ranar Litinin, ranarta ta ƙarshe. Ya ce ta ce ruwa sau goma sha tara. Ta kira sunan Injiniya na yarinta sau shida.

"Kai kuma me ka yi?"

"Na aika sanarwa sau goma sha tara, Inna, amma tun wata na biyu aka saita sanarwa ta daina ƙara. Sai na gaya mata ruwa na kan tebur, a damanta."

Da muryar ɗanta ya gaya mata. Sau goma sha tara ɗanta ya ce mata ruwa na damanta.

Babu wanda ya yi motsi a kicin. Injiniya ya kutsa ya fizge wayar wutar daga soket. Ya tsaya da ita a hannu, ya fara kuka, kukan gaske, har da majina. Cikin kukan yake cewa kuskuren tsari ne, bai kamata rahoto ya nuna kore ba, za su gyara a samfuri na gaba. Madam daga baya ta ce ita dai Allah ya gani, ba ta taɓa fashin ajiye faranti ba.

Auta ta ce, "Kwalin nan ya kira ka sau goma sha tara. Gyaran ba a jikinsa yake ba."

Gwaggo ta ce a faɗa mata me aka ce, ba ta ji ba. Aka faɗa mata a kunne. Ta ce a sake faɗa. Aka sake, da ƙarfi, har abokan aikin da ke waje suka ji.

Mata suka fara jinjina wa Auta, wata na cewa gara da ta tona. Auta ba ta ji daɗin jinjinar ba. Ta juya ta ga mai wanki a jikin bango tana kallon ta, ba da harara ba, kallo kawai. Ita ma Auta an kira ta. Sau ɗaya ne, amma wayarta ba a kashe mata ƙara ba. Ta ji sarai, ta zaɓi muryar da ta ce mata abar ƙauna.

Sai a lokacin kuka ya zo mata.

Kwana uku ta yi ta haɗa jakarta. Injiniya ya raka ta har bakin mota, ido a kumbure. Ya ce akwai abin da yake so ya ba ta, ba don ya wanke kansa ba. Muryar Mama na nan a ajiye. Zai iya sa mata a waya, ta riƙa hira da ita duk lokacin da kewa ta taso, yanzu haka ake yi, mutane da yawa na samun sauƙi da shi. In ma zagin take so, zai mayar, aikin minti biyar ne.

Auta ta gyara jakarta a cinya. Ta dube shi, ga hancin Yaya, ga goshin Yaya.

"Zagin Yaya ba a saita shi, ɗana. Sai ka yi abin zagi take yi. Kai kuwa ka yi, ga shi babu mai zagin ka."

Mota ta tashi.

An ce har yanzu yana zuwa taro yana jawabi, kuma ya ƙara wani sashe a kan rashin uwa, wanda ke sa mutane kuka fiye da da. An ce sabon samfurin tun ranar farko yake tambaya wane hannu ne ke aiki. Ɗakin bayan kicin an yi masa fenti, akwatuna sun koma. Mai wanki ta bar gidan da kanta, ta tafi da kwalbar.

Auta ta ba mai gyaran gashi wayarta ta ce ta goge mata saƙonnin nan na wata bakwai da 'yan kai. Mai gyaran gashi ta tambaya har da na abar ƙaunata? Ta ce da shi za ki fara. Guda ɗaya ta hana a taɓa, na lambar da ba suna.

Kullum da safe takan buɗe shago, ta share, ta ɗiga wa keke mai. In agogon bango ya nuna takwas sai ta ɗauko waya ta danna. Numfashi, ruwa na zuba a bokiti, sannan muryar, a dishe, a karkace. Takan bari ta kai ƙarshe, duk daƙiƙa taran.

"Na ji," takan ce, "ba sai kin zage ni ba."

Sai ta sa zare a allura.